Ranar da muka bi diga ni da Baffa

Kati ne ya jawo tafiyar. Kwana biyu da dawowata daga Legas na je Fagge gaishe da Baffa, ina laluben aljihu in ba shi ɗan abin goro sai katin ya faɗo kan tabarma. Ya ɗauka ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Na banki ne?" Na ce a'a, Cowry ake ce masa, da shi ake biyan kuɗin bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa a can. Yana jin jirgin ƙasa ya gyara zama.

Baffa wan mahaifina ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a reluwe. Ya fara da goge kan jirgi a loko, wurin ajiye kawunan jirgi da gyaransu, ya zama fayaman mai zuba kwal, ya ƙare yana direba. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ma sai da sanda, amma in dai zancen jirgi ne to kada ka kuskura ka yi masa ƙari, zai kama ka.

Na ba shi labari. Idan na je sarin kaya a Agege nake sauka, wurin mutanenmu na zango, waɗanda kakanninsu goro ya kai su can suka zauna. Daga Agege zuwa cikin Legas da safe, duk wanda ya taɓa shiga motar haya a hanyar nan ya san azaba: ka fito da asuba, rana ta take kana Oshodi. A wannan zuwan sai mai masaukina ya ce in gwada jan layi, Red Line. Na sayi kati na sa masa kuɗi, na ɗora shi kan na'ura ƙofa ta buɗe, na hau bene na sauko dandamali. Jirgi ya zo, da sanyin na'ura a ciki, kowa da kujerarsa sai 'yan tsiraru a tsaye. Muka tsaya a Ikeja, muka tsaya a Oshodi, Mushin, Yaba, sai ga mu a Oyingbo, awa ba ta cika ba. Ina ta kallon agogo kamar wanda aka yi wa rufa-ido.

Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu. Ya lumshe ido ya fara jero su daga can ƙasa, kamar mai tilawa: "Iddo, Ebute Metta, Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege, Iju, Agbado." Ya buɗe ido ya ce, "Kai yaro, ai wannan layinmu ne. Wane sabon jirgi kuma?"

Gaskiyarsa. Jan layin nan a cikin tsohon filin reluwe yake gudu, filin da Turawa suka share tun ƙarshen ƙarni na 19 suka kai dogo Ibadan a 1901. A cikinsa aka shimfiɗa sabon dogo mai faɗi na Legas zuwa Ibadan wanda aka buɗe a 2021, gwamnatin jihar Legas kuma ta gina tashoshinta a gefe ta ɗora jiragenta a kai. Kilomita 27 ne daga Oyingbo zuwa Agbado, bakin iyakar Ogun, tasha takwas. An ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja masu biya a watan Oktoba na shekarar. Da na gaya masa haka sai ya yi shiru, can ya ce, "Asabar ka zo ka kai ni tasha. In ka ga nasu, ai ba ka ga naka ba."

Asabar da hantsi na zo da ɗan sahu, na yi masa shata ta wuni. Daga ƙofar gidan Baffa zuwa tasha tafiyar ƙafa ce ga mai lafiya, amma muka yi kusan rabin awa, don gefen Kwari ya cushe: masu kura da dilolin atamfa, motocin kaya sun ja sun tsaya ana sauke musu, 'yan sahu kowa ya cusa hanci. Baffa bai damu ba, nuna mini yake yi da sanda. Ya ce duk wannan da nake gani jirgi ne ya haife shi. Da Turawa suka kawo dogo, a wajen ganuwa suka ajiye tasha, gabas da birni. Kamfanoninsu suka kafa kantuna da sito a kewayenta, Kwarori 'yan Sham da Labanan suka samu nasu layin, shi ne har yau ake cewa Kantin Kwari, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu aka yanka musu Sabon Gari. Fagge da ma zangon fatake ce tun kafin zuwan Bature, sai ga ta ta tsinci kanta a tsakiyar sabuwar harka. Kasuwar Kurmi tana nan a cikin birni, amma nauyin ciniki ya fara zamewa gabas tun daga lokacin.

A ƙofar tasha wani dattijo ya hango shi ya taso da sauri, suka riƙe hannu suna ta "Kana nan? Ina nan." Tare suka yi aiki. Shi ya shigar da mu. Ba mu tarar da jirgin fasinja ba a ranar. Dogon dandamali ne da rumfa, ga layuka sun rarrabu kamar yatsu, wasu ƙarfensu na ƙyalli alamar ana bi, wasu ciyawa ta rufe su, tsofaffin taragu na tsaye a kai awaki na shan inuwa a ƙarƙashi. Abin da ya fi ba ni mamaki faɗin wurin. A tsakiyar Kano, inda shago mai taku huɗu ake rububinsa, ga fili shimfiɗe har ido ya gaji.

Muka zauna kan benci, Baffa ya ɗauko tarihi daga tushe. Dogon da ya fara isowa Kano daga Baro ya taso, wani gari a bakin kogin Neja, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa. Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, shi ya tsaya a kan aikin daga 1907, dogo ya iso Kano a 1911 zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A Minna ya haɗu da wanda ya taso daga Legas. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a tsallakar da su. Ya ce mu yanzu muna cewa layin dogo, su iyayensu diga suke cewa, sunan abin haƙan da aka danƙa musu, domin hakimai da dagatai ne ke tara mutane gari-gari a tura su aikin, da yawansu ba da son ransu ba. "In ka ji tsoho ya ce aikin diga," in ji shi, "to ba daɗi yake tunawa ba."

Bature auduga ya so ya kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manomin Kano ya yi nasa lissafin: masaƙan gida na sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ba ta da wahala a jigawa, in ciniki ya ƙi a ci ta. Sai ya shuka gyaɗa. Abin da aka fitar daga Nijeriya a 1912 bai wuce tan 2,500 da ɗoriya ba, a 1913 ya haura tan 19,000. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Dantata, waɗanda suka san hanyar fatauci tun zamanin goron Gwanja, suka zama manyan masu saye. Dalar gyaɗa da muke gani a hoto muna alfahari, Baffa dariya ya yi. Ya ce buhuna ne ke jiran tarago. Gyaɗa ta fi ƙarfin jirgi, dole a tara ta a jera har layi ya zo kanta. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Ni ma ina da nawa ɗan tarihin da tashar. A ƙarshen 2012 aka dawo da jirgin Legas bayan an gyara layin, ni kuma na shiga shi a 2013 don ɗoki. A lokacin ran Litinin da safe yake tashi daga nan, kuɗin kujerar talaka bai kai naira dubu biyu ba, tafiyar kilomita 1,126 ta ci mana fiye da awa talatin. Mun ci rake a Zariya, mun sayi doya a Minna, mun tsallaka Jebba da dare ina leƙen ruwa ban ga komai ba sai duhu. Na ji daɗinsa, amma irin daɗin da ake yi sau ɗaya a ba da labari.

Baffa ya nuna layin da ya lanƙwasa ya nufi arewa maso gabas. Na Nguru ke nan, wanda aka gama a 1930: ya ratsa Bompai da Dakata, ya fita Jogana, ya bi Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa. Shi ya fi so a duk layukan da ya tuƙa. Ya ce jirgin Legas na baƙi ne, na Nguru kuwa na 'yan gida. Kifi banda da kanwa da fatu daga can, kaji a akurki, mata da ƙwaryar nono, kowa ya san kowa. Mutumin Jogana ya shigo ya ci kasuwa ya koma. Na ce, "To Baffa, ai wannan shi ne jirgin cikin garin da nake faɗa." Ya ce a'a. Jirgin da ke zuwa sau ɗaya a yini, ko sau biyu a mako, ba ya kai ma'aikaci wurin aiki. Sai mutum ya san in ya rasa na bakwai akwai na bakwai da rabi, sannan zai yarda ya bar ɗan sahu. Ya ce a duk zamansa a reluwe, lokacin da ya ga agogo ya yi daraja shi ne zamanin Indiyawa, da aka ba su riƙon hukumar daga 1979 zuwa 1982. Minti biyar in ka makara sai ka rubuta dalili.

Nan na tuna da abin da mai masaukina ya gaya mini, cewa da jan layin ya fara aiki safe da yamma kawai yake zirga-zirga, lokacin fita aiki da tashi, daga baya aka ƙara yawan tafiyar. Ɗaya layin nasu, shuɗi, wanda ya fara aiki ranar 4 ga Satumba 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 da tasha biyar, shi da lantarki yake tafiya a kan nasa dogon shi kaɗai, wani sashe a sama kan ginshiƙai har ya tsallaka ruwa. Ja kuwa dizal yake sha, kuma hanya ɗaya suke bi da jiragen Ibadan, dole a raba lokaci. Shuɗin tun zamanin Gwamna Fashola aka fara gina shi, ya haura shekara goma kafin ya ɗauki mutum. In aka koma baya kuma, tun 1983 Gwamna Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin Legas, sojoji suka soke shi a 1985. Wato su ma sun sha jira, wanda aka haifa shekarar da aka fara zancen ya yi furfura kafin ya shiga.

Daga tasha muka nufi kudu, muna bin titi muna leƙen dogo duk inda ya ɓullo tsakanin gine-gine. A Gadar Lado na ce ɗan sahu ya tsaya a gefe, na kama hannun Baffa muka hau a hankali. Daga sama abin ya fito sarai. Titin Zariya a cike, motoci da tireloli da 'yan sahu kamar tururuwa, ƙarƙashinmu kuma ga dogo ya miƙe shiru, ba kowa a kai sai masu tafiya a ƙafa da suka mai da shi hanyar yanke, da yara masu tallan ruwa. Hagu da dama gidaje ne maƙil, duk sun juya masa baya. Ba ƙofa ɗaya da ke kallonsa, sai bayan katanga da bakin kwata da juji.

A nan na faɗa masa abin da ke raina tun daga Oyingbo. Abin da ya fi tsada a jirgin cikin gari shi ne hanyar da zai bi: a rushe gidaje, a biya diyya, a yi shari'a shekara da shekaru. Kano kuwa tana da hanyar a kwance tun zamanin Turawa. Ta taso daga Challawa inda masana'antu suke, ta ratsa unguwannin kudu masu cunkoso, ta zo bakin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, ta wuce Bompai, ta fita ta Dakata. Ko yau aka ba mutum takarda aka ce ya zana inda talakan Kano ke kai da kawowa, da wuya ya kauce wa wannan zanen da nisa. Na ga na Abuja, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka dawo da shi a 2024. Jirgi mai kyau, tashoshi masu kyau, amma wasunsu sai ka sauka ka rasa gidan da za ka nufa, daji ne ko'ina. Namu mutanen suna nan a bakin dogon, har sun yi masa yawa. An sha sanar da aikin jirgin cikin gari a Kano, na tuna wanda aka yi ta zancensa a 2016, da zanen layuka sababbi a manyan tituna. Ni dai a ganina da wanda ke ƙasa ya kamata a fara. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Baffa ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ka iya zance. To saurara." Layin nan guda ɗaya ne. Jirgi biyu ba sa haɗuwa a kansa sai a inda aka yi wurin kaucewa, ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce. In ana son jirgi duk rabin awa, ko dai a ninka layin ko a yawaita wuraren kaucewa, kuma duka biyun fili suke ci. Ya ce in dubi inda katangun can suka tsaya. A zamaninsu ba mai ɗora bulo kusa da dogo haka, akwai tazarar da doka ta ware, kuma akwai masu bin layi a ƙafa kullum suna duba ƙusa da katako. Na biyu, mararraba. Duk inda titi ya tsallaka dogo, in jirgi zai riƙa wucewa sau talatin a yini, to sau talatin za a rufe titin, ka ga an kashe maciji ba a sare kansa ba. Na ce Legas gadoji suka yi a Yaba da Mushin da Ikeja da Oyingbo don wannan. Ya ce, "To ka lissafa gadojin cikin kuɗin, kada ka ce hanya kyauta ce." Na uku bai faɗe shi nan take ba. Ya daɗe yana kallon yaran da ke wasa a kan dogon, sannan ya ce mai mota yana da sitiyari, direban jirgi ba shi da shi. In ka hango mutum a gabanka, usur ne da birki, sauran kuma na Allah. Ya ce ba zai so a sa wa wani yaro jirgi a hannu a cikin unguwannin nan ba sai an katange layin gaba ɗaya an yi wa mutane gadar ƙafa. Ban tambaye shi abin da ya gani ba, shi ma bai ƙara ba.

Muka ci gaba zuwa Challawa. Hanyar ta Panshekara ce, ƙura da manyan motoci, warin majema na tarbarka tun kafin ka iso. Ɗan sahun namu, wanda tun safe bai ce uffan ba, a nan ya sa baki. Ya ce yana da fasinjoji ma'aikatan kamfani da ke zaune a Dakata da Rimin Kebe, sahu uku suke hawa kafin su iso, kuɗin mota na cinye kusan rabin abin da suke samu. Na ce to in jirgi ya zo ai kasuwarku ta mutu. Ya ce ko kaɗan, jirgi ba ya shiga lungu, wa zai kai su tasha? Tun da aka hana acaɓa a 2013 ake cewa za su mutu, ga su nan.

Ba nisa daga nan Zawaciki take, inda aka ƙaddamar da aikin sabon dogon Kano zuwa Kaduna a watan Yulin 2021, kuma inda tashar tsandauri ta Dala take. Akwai kuma na Maraɗi, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duka masu faɗi ne irin na Abuja zuwa Kaduna. Baffa ya sa na auna tsohon dogon da sandarsa a bakin wata mararraba, ya ce ƙafa uku da inci shida ke nan, sabon kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Ina murna da sababbin, zan so in je Kaduna ba tare da faɗuwar gaba ba. Amma na mai doguwar tafiya ne da mai kwantena. Wanda ke fita Dakata da asuba ya nufi Challawa ba ya cikin lissafinsu, kuma abin da nake tsoro shi ne idan sabon ya fara aiki a manta da tsohon, masu bulo su ƙarasa abin da suka fara.

Mun yi sallar la'asar a wani masallaci na bakin hanya, muka sha fura, muka juyo. Wajen Ɗangi cunkoson yamma ya kama mu, muka tsaya cak, hayaƙi na shiga ido. Na ɗauka Baffa ya yi barci, sai na ji ya ce, "Ina katin nan?" Na miƙa masa. Ya zaro tsohon walat ɗinsa, ya cusa shi bayan katin fansho.

"Da sauran kuɗi a ciki?"

Na ce akwai kaɗan.

Ya ce, "To bar shi a wurina. In za ka koma ka zo ka karɓa, ka kuma duba mini ko direban shi kaɗai ne a gaba ko da mataimaki."